Daƙiƙa Arba'in da Aka Yanke wa Kaka

"Ya ƙafar kuma?"

"Ƙafa da sauƙi. Miji ne dai babu sauƙi."

"Ikon Allah. Tun ban gama gaisuwa ba?"

"Wannan ce gaisuwa? Ƙara durƙusawa. Tsawon nan naka ba shi da wani amfani sai an naɗe shi."

Safiyar Asabar ce, tara ta ɗan wuce. Mai gaisuwar jikan Kaka ne, ɗan ɗanta na biyu, ɗalibin jami'a mai shekara ashirin da biyu. Ango take kiransa in tana son a sauko mata da wani abu daga saman kabad. Sauran lokuta Kwarangwal. Kaka ita kaɗai ce a gidan, ɗaki biyu da 'yar tsakar gida, tun da mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce. 'Ya'yanta huɗu ne, kowanne yana garin da aiki ya kai shi. Suna kira a waya, yawanci a gurguje.

Ango yana gabatar da shiri a ƙaramin gidan rediyon jami'arsu, wanda ba a kama shi sai a unguwanni bakwai da ke kewaye da makarantar. Duk Alhamis ƙarfe biyar na yamma, rabin awa, a kan masu fasahar unguwa: masu zane a bango, masu saƙa, mawaƙan da ba su taɓa ganin cikin situdiyo ba. Sati uku da suka wuce ya karɓi wani kaset a hannun Kaka. Kakansa kafinta ne, amma yana busa sarewa, kuma wani abokinsa ya taɓa ɗaukarsa a rikoda a cikin ɗakinsu na wancan lokacin, shekara arba'in da ɗaya baya. Ban da hoto ɗaya, kaset ɗin nan ne kawai ya rage. Rikodar Kaka ta lalace shekara biyu ke nan, mai gyara ya ce an daina kawo kayanta. Ta ba da kaset ɗin ne a kan sharaɗi ɗaya: za ta ji shi a rediyo.

Shekaranjiya aka sa shirin. Ango ya zo karɓar yabo. Ya kuma zo da wata ambulan a aljihu wadda bai san ta inda zai fara maganarta ba, domin bayan ya kwafe sautin cikin kwamfuta, na'urar tashar ta tauna zaren kaset ɗin, aka ciro shi gutsi-gutsi.

"Kin ji shirin?"

"Wane shiri?"

"Kaka."

"Au, wannan da wani mai mura yake magana ta hanci? Na ji. Na ɗauka sanarwar ɓatan akuya ce."

"Mutum goma sha ɗaya suka bugo waya. Goma sha ɗaya! Tun da na fara shirin nan ban taɓa samun fiye da biyu ba. Ɗayan ma ɓatan lamba ya yi, mai gyaran famfo yake nema."

"Ka je ka gyara masa? Da ka samu sana'a."

"Wani dattijo ya bugo yana kuka. Ya ce kakana ne ya yi masa gadonsa na farko."

"Dole ya yi kuka. Ni ma a kan irin gadon nan bayana ya lalace."

"Ke dai ba a yi miki gwaninta. Kwana uku na yi a kan sautin nan, ko abincin kirki ban ci ba."

"Ba a gane ba. Kullum haka kake."

"Kin san yadda ya zo mini? Kamar ana suya a cikin ruwan sama. Kaza tana kuka, ƙofa tana ƙara, ana tari. Na zauna na wanke shi tas."

"Ka wanke shi."

"Tas."

"Wa ya ce maka ya yi datti?"

Abin da Ango ya yi shi ne abin da aka koya masa. Darasin farko a tashar shi ne yanka: a cire tari, a cire in-ina, a cire ƙarar kujera, a cire shiru. Shiru na daƙiƙa uku a iska laifi ne, ana rubuta sunan mai shi a allo. Kaset ɗin minti ashirin da shida ne. Ya mayar da shi ashirin da biyu, malaminsa ya yaba.

Kaka ta ɗauki tsumma ta fara goge saman rediyonta, wanda ba ƙura a kansa.

"Faɗi gaskiya, Kwarangwal. Kishi ne."

"Kishin wa?"

"Kishin maigidana na gaske. Ka ga ya fi ka kafaɗa, ya fi ka gashin baki, ya fi ka murya, ka ce bari in bi shi da almakashi."

"Ni zan yi kishi da mutumin da haƙori uku ne da shi a hoto?"

"Uku masu aiki. Naka talatin da biyu, me suka taɓa yi ban da ƙarar mini da abinci?"

"Kuma ba da almakashi ake yi ba. Da kwamfuta ne."

"Na sani. Ɓarayin yanzu ba sa haura katanga."

"Me na sata? Busa biyar ya yi, biyar na sa. Ki ƙirga."

"Na ƙirga. Bayan ta uku me ka ji?"

"Hayaniya."

"Wace iri?"

"Ƙofa ta yi ƙiiii. Ya daina busa. Ya yi tari. Kamar ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da wani. Daƙiƙa arba'in cif, na auna."

"Da wani."

"E, da wani."

"Ni ce wanin."

Ango ya ɗago kai.

"Ranar abokinsa ya kawo rikoda, aka kore ni waje, aka ce ko kaza kada ta yi motsi. Kazar ba ta ji ba. Ni na ji, har sai da ya yi busa uku a jere ba ko kurɓar ruwa. Na ce mutumin nan maƙogwaronsa zai tsage. Na ɗebo ruwa na turo ƙofa."

"Sai ya ce me?"

"Ai ka ji. Har ka auna."

"Ban saurara ba, Kaka. Zanen nake kallo."

"Wane zane kuma?"

"A kwamfuta sauti zane ne. Inda ya yi tudu, akwai kiɗa. Inda ya kwanta, babu komai. Na ji ƙofa, na ji tari, na ga wurin a kwance har zuwa busa ta huɗu. Sai na ja na yanke."

"Wato da ido kuke jin magana a makarantar taku."

"Ya fi sauri."

"Allah ya kyauta. Ubanka yana can yana fama, ɗansa yana nan yana koyon ji da ido." Ta ninke tsumman biyu, ta sake ninke shi. "Cewa ya yi, 'Ke, wa ya ce ki shigo? Ana ɗauka.' Sai ya yi tari. Sai ya ce, 'To, tunda kin shigo, zauna.'"

"Shi ke nan?"

"Me kake so ya ce? Jawabi? Ai ba ɗan rediyo ba ne."

Sauran bayanin a gutsure ya fito, tana yi tana duban taga. Shekara bakwai, daga rasuwarsa zuwa lalacewar rikodar, kusan kullum da yamma takan sa kaset ɗin. In busa ta uku ta kusa ƙarewa sai ta fita tsakar gida, ta cika kofi da ruwa, ta tsaya a bayan ƙofa. Ta san wurin kamar yadda ta san lambar gidanta. Sai ta turo ƙofa daidai da ta cikin kaset, a yi mata faɗa, a ce ta zauna, ta zauna. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ba kuma wanda ya taɓa zuwa a wannan lokacin balle ya gani.

"Shekaranjiya tun azahar na yi wanka," ta ce. "Na sa sabon batir, na hana mai kawo ruwa shigowa. Ta uku ta zo ƙarshe, na fita. Ƙafar nan ma ba ta yi mini gardama ba. Na ɗebo ruwa, na turo ƙofa. Sai na ji mai mura yana cewa, 'Masu sauraro, har yanzu kuna tare da mu.'"

Ango ya sunkuyar da kai.

"Na ce ƙila gaba ya tura shi. Na tsaya da kofi a hannu har aka fara labarai."

"Kaka..."

"Kada ka yi mini wannan fuskar, ta da ma da ƙyar nake jure ta. Ba ni kaset ɗina kawai. Zan samo mai rikoda ko da a cikin kayan gwangwani ne."

Ya ɗauki lokaci kafin hannunsa ya isa aljihu. Ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur, kusa da rediyo. Ta buɗe ta leƙa. Kwanson kaset ɗin yana nan lafiya, da rubutun abokin a jikinsa. Zaren ne a dunƙule gefe guda, kamar gashin da aka cire daga mataji.

Ta daɗe tana kallo.

"Ka yanke shi, bai ishe ka ba, sai da ka tauna."

"Ba ni ba ne. Na'ura ce, wajen mayar da shi farko."

"Shekara arba'in da ɗaya. Ya tsallake tashi gida sau uku, ya tsallake ruwan da ya ci mana katifa, ya tsallake ubanka da ke cusa komai a baki. Sati uku a hannunka."

"Akwai cikakkensa," ya ce da sauri. "Wanda na fara kwafa kafin in taɓa komai. Yana cikin kwamfutar tashar, da kazar da komai. Ranar Litinin zan..."

Ya tsaya. Ya dubi agogon bango.

"Mene ne?"

"Yau Asabar."

"Na gode. Ka ga amfanin ilimi."

"Injiniya tana share ɗanyen aiki duk safiyar Asabar. Cikin kwamfutar ƙarami ne, in ba a rage ba ba ta ɗaukar shirin sati mai zuwa."

Ya buga wa Injiniya waya sau huɗu, ba ta ɗauka ba. A tashar ba a shiga ɗakin na'urori da waya a kunne. Kafin ya gama na huɗun Kaka ta yafa mayafi, tana neman ɗayan takalminta da ƙafa a ƙarƙashin kujera.

"Ina za ki?"

"Ɗauko mijina."

"Ki bari in ruga, na fi ki sauri."

"Saurinka na gani a cikin ambulan."

"Da wannan ƙafar za ki?"

"Da ita na bi shi shekara arba'in da shida. Kulle ƙofa."

Bas biyu ake hawa zuwa makarantar. Ta farko ta tsaya cika a bakin kasuwa.

"Ka ce wa direba ya tashi, matarka ba ta da lafiya."

"In ce ke matata ce? A gaban mutane? Da mutuncina?"

"Wane mutunci? Kai da ya kamata ka yi ta yawo da ni kana nunawa. 'Yan matan makarantarku ko gaisuwarka suna amsawa?"

"Layi suke yi."

"Na ganin ikon Allah."

Bas ta cika, ta tashi. Ambulan ɗin tana hannun Kaka, ta riƙe ta da hannu biyu a kan cinya.

Ranar Asabar makarantar kamar an yi shara. Tashar tana hawa na biyu a wani tsohon gini, bayan ɗakin karatu. Matakala talatin da ɗaya ce. A ta goma sha biyu Kaka ta jingina da bango.

"Hau bayana."

"In hau me? Gara in hau shinge, shi ko ba ya surutu."

"To riƙe hannuna."

"Kawo. Amma kada ka ɗauka mun shirya."

A saman akwai wani siririn lungu, bangonsa cike da takardu: neman masu ba da jini, ranar kwashe magudanar ruwa, baje kolin zanen ɗalibai da aka yi tun bara. A ƙarshen lungun gilashi ne, da jar fitila a samansa. Bayan gilashin wata ɗaliba tana zaune ita kaɗai a ɗakin da aka manne wa bango da soso, tana magana da makirfo, tana murmushi, har tana jujjuya hannu.

"Da wa take magana?" Kaka ta tambaya.

"Da jama'a. Sanarwa take karantawa, ana neman littattafai ga makarantar kurame."

"Ina jama'ar?"

"Suna gidajensu."

"Ta ya ta san suna ji?"

"Ba ta sani ba."

"Kai ma haka kake zama duk Alhamis?"

"Haka."

Kaka ta ƙara kallon yarinyar. "Allah sarki," ta ce. "Ashe muna da yawa."

Injiniya mace ce mai kimanin shekara hamsin, gajera, da tabarau a rataye a wuya. Shekararta goma sha tara a kan na'urorin tashar. Ta miƙe ta gaida Kaka da ladabi, ta saurari Ango har ya gama in-inarsa, sannan ta cire abin jin da ke kunnenta ta ajiye.

"Tun takwas da rabi na share," ta ce. "Har kwandon sharar na zubar. Ka san doka, da ka rubuta a allo da na tsallake shi."

"Ba yadda za a yi a dawo da shi?"

"Na riga na ɗora shirye-shiryen gobe a kai."

Fanka tana juyawa. Ta cikin ƙaramar lasifika ana jin ɗalibar tana karanta lambar waya a karo na biyu. Ango ya jawo kujera.

"Kaka, zauna ki huta."

"Ban zo zama ba."

"Ƙafarki tana rawa."

"Tata ce. Ta yi rawarta." Ta gyara mayafi. "'Yata, sannu da aiki. Mun dame ki. Kai kuma wuce mu tafi, matakalar nan ba za ta sauka da kanta ba."

"Mama, wane shiri ne ma?" Injiniya ta tambaya. "Aikin ya yi yawa, ban riƙe na kowa ba."

"Na mai sarewa," Ango ya ce.

"Mai ƙofar nan?"

Su biyun suka juyo.

"Kaset ɗin da na'urata ta tauna? Ai da ka ce mai ƙofa." Ta ɗora tabarau a hanci, ta koma gaban kwamfuta. "Mama, shekara goma sha tara ina neman ƙofa irin wannan. 'Yan wasan kwaikwayonmu in za a buɗe ƙofa, wani ne yake yi da baki, kowa ya san baki ne. Ƙofofin yanzu ba sa kuka. Ina wucewa ranar na ji taku, na ce wannan ba za ta tafi shara ba. Na gutsuro ta na sa a ma'ajiyar sauti."

"Ƙofar kaɗai?" Ango ya tambaya.

"Niyyar ke nan. Amma aka kira ni wuta ta ɗauke, na yanko da faɗi na ce zan datse daga baya. Har yau ban samu zama ba." Ta kai yatsa kan allon. "Ga ta. Ƙofa ta shida. Daƙiƙa hamsin da biyu."

Kaka ta matso har mayafinta ya taɓa kafaɗar Injiniya, ko da yake ba ta iya karanta abin da ke jiki.

"Ƙofa ta shida," ta ce. "Tsakanin wa da wa aka ajiye shi?"

"Tsakanin ƙofar firji da ƙofar gidan yari."

"Madalla. Mutumin da ko ofishin 'yan sanda bai taɓa leƙawa ba."

"Ai ya samu 'yan'uwa," Ango ya ce, numfashinsa ya fara dawowa. "Kafinta a cikin ƙofofi. Shekara nawa yana gyara na mutane, tasa tana ihu ana ji har titi. Ke ma kin yi haƙuri."

"Ni ko uffan ban taɓa ce masa a kanta ba. Mu a lokacinmu ba ma mayar wa miji magana. Ba irin na yanzu ba."

"Ke?"

"Ni. Tambayi kowa."

"Duk sun mutu."

"To ka gani. Ba mai ƙaryata ni."

Injiniya ta rage muryar ɗalibar, ta kunna manyan lasifiku biyu da ke bango. Ango ya sake tura kujerar kusa da Kaka. Ba ta kalle ta ba.

Da farko shuu ce kawai, irin ta tsohon kaset. Sai wutsiyar busa, siririya, tana sauka a hankali. Sai ƙofa. Doguwar ƙara ce mai hawa biyu, ta tsaya kamar ta gama, ta ƙara kaɗan. Busar ta katse.

"Ke, wa ya ce ki shigo? Ana ɗauka."

Muryar ta cika ɗakin. Ta saurayi ce kusan, mai kauri, ba fushi a cikinta ko kaɗan. Tari biyu. Ƙarar kofi a kan katako.

"To, tunda kin shigo, zauna."

Kaka ta zauna.

Ba wanda ya dubi wani. Injiniya tana kallon allonta, Ango yana kallon takalminsa. Sautin bai ƙare ba, saura daƙiƙa goma sha wani abu. Injiniya ta ga wani ɗan tudu a zanen, ƙarami kamar ƙwayar gero, hannunta ya ɗaga maɓallin ƙara da kansa, irin na sabo. Sai ga wata murya, ta mace, ƙasa-ƙasa amma tar:

"Da ka gyara ƙofar, da ba wanda ya ji shigowata. Wai kafinta."

Sai dariyar namiji, ta fita ta cikin sarewa ta zama fito. Sautin ya ƙare.

Tsohuwar rikodar Kaka ba ta taɓa fitar da wannan ba. Ko da ta fitar, a daidai wurin Kaka tana jan kujera ne tana ajiye kofi.

Ango ya gyara murya.

"Wace ce wannan?"

"Maƙwabciya ce."

"Maƙwabciya a ɗakin mijinki, ana ɗauka?"

"To kazar ce. Ai kai ka ce akwai kaza."

"Kaza ta ce 'wai kafinta'?"

"Kajin da suna da ilimi."

"Mu a lokacinmu," Ango ya ce, ya maƙale murya yana kaɗa kai, "ba ma mayar wa miji..."

"Rufe mini baki, ja'iri." Ta kai masa duka da ambulan ɗin, ba ta same shi ba. Ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta daɗe tana gogewa. "Ashe haka muryata take. Kamar ta yarinyar can."

Daga cikin minti huɗun da aka yanke, daƙiƙa arba'in ɗin da ke cikin guntun nan ne kawai suka tsira. Kukan kazar ya tafi, da shirun da ke tsakanin busa da busa, da wata magana da abokin ya yi a ƙarshe wadda Kaka ta ce da ma ba ta da daɗi. Injiniya ta buɗe shirin da aka watsa, ta nemo ƙarshen busa ta uku, ta raba wurin, ta mayar da guntun mazauninsa. Minti shida aikin ya ɗauke ta.

"Zan sa miki a waya," Ango ya ce. "Ki danna duk lokacin da kika so. Sau ɗari ma."

"Sa. Amma ranar Alhamis a rediyo nake so."

"An riga an sa shi, Kaka. Ba a maimaitawa."

"Ba a sa shi ba. Rabinsa aka sa. Alkawari ka yi mini zan ji shi a rediyo, a ɗakina."

"Da tari? Da shirun daƙiƙa bakwai? Sunana zai hau allo."

"Ya hau. Ka ga ka yi suna."

"Malaminmu zai kashe ni."

"Ba nama a jikinka, ba zai wahala ba."

Ango ya dubi Injiniya.

"Ni nake rubutu a allon," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ranar Alhamis kuma alƙalamina yakan ɓata."

Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na janye. Wallahi na janye. Sau biyu na ba ki kujera, ina raye, ina numfashi, ko kallonta ba ki yi ba. Mutum ya yi shekara tara a ƙasa, ya yi tari ya ce zauna, kin zauna. Ba zan iya takara da wannan ba. Ku je ku ƙarata."

"Sai yau ka sani?"

"Amma duka zan sa. Har da mai ilimin."

"A'a. Wannan ka yanke ta."

"Na daina yanka. Wata tsohuwa ta hana ni."

"Za ka tona ni a unguwa bakwai?"

"Da maimaici in an bugo waya."

Kaka ta auna abin. Leɓenta ya fara motsi.

"To sa. Amma in ya ƙare ka gaya wa masu sauraro daga baya ya gyara ta."

"Ya gyara?"

"Ina fa."

Dariyar ta ƙwace mata, ta tanƙwara a kan kujerar tana riƙe da ciki, har ɗalibar da ke bayan gilashi ta juyo ta ga abin da ake yi. Da ta lafa, ta dafa hannun Injiniya.

"'Yata, ƙofar na bar miki kyauta, ku yi ta wasanku da ita. Mai tarin dai a mayar mini da abuna."